Makon Da Ƙanƙara Ta Rufe Teksas

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa, in an ambaci sanyi, abin da ke faɗo masa a rai shi ne hunturu, lokacin da leɓe ke tsagewa, kaushi ya kama ƙafa, yara su riƙa gudun wanka, dattawa kuwa su kewaye wuta bayan sallar asuba suna jiran hantsi. Amma a wasu ƙasashe akwai sanyin da ya wuce wannan nesa ba kusa ba, wanda ruwa ke daskarewa a cikin famfo saboda tsananinsa, har mutum ya tuna da zamharirar da malamai ke ambata a wa'azi. Mutanen Rasha da Kanada sun gaji dabarun zama da shi kaka da kakanni. Waɗanda ya fi yi wa illa su ne waɗanda ya auka wa ba shiri, kamar yadda ya auka wa jihar Teksas da ke kudancin ƙasar Amurka, ƙasar zafi da shanu da man fetur, a watan Fabrairu na 2021, watau 1442 Hijiriyya.

Musibar ta fara nuna kanta ne a kan hanya. Da asubahin ranar 11 ga wata, a kan wata babbar hanya da ta ratsa birnin Fort Worth, motoci kimanin 130 suka yi ta afka wa juna, manya da ƙanana, mutum shida suka riga mu gidan gaskiya. Sababin abin kuwa shi ne, idan iska mai ɗumi ta hau bisa mai sanyi, ruwan sama yakan sauko a matsayin ruwa, amma da zarar ya taɓa kwalta sai ya daskare ya zama wani siririn ɓawo garai-garai kamar gilashi, wanda Turawa ke kira baƙar ƙanƙara domin baƙin kwalta ake hangowa ta cikinsa. Direba yana zaton hanya ta ɗan jiƙa ne kawai, alhali in ya taka birki motar ba za ta saurare shi ba. Gadoji da hanyoyin da aka ɗaga sama su ne ke fara daskarewa, tun da iska na bugun su sama da ƙasa, kuma a irin wannan wuri ne hatsarin ya auku.

Bayan kwana uku sanyin ya game jihar baki ɗaya, har aka ba da gargaɗi a dukan gundumominta 254, daga baya kuma a Dalas ma'auni ya sauka zuwa digiri 19 ƙasa da sifili. A daidai lokacin da kowane gida ya kunna na'urar ɗumama ɗaki, bukatar lantarki ta haura, sai rijiyoyin iskar gas da bututunsu da injunan tashoshin wuta suka riƙa daskarewa ɗaya bayan ɗaya, saboda an gina su ne da tunanin zafi, ba a tufatar da su don ɗari ba. Cikin daren 15 ga wata, masu kula da rarraba wutar jihar suka ga babu makawa sai a yanke wa jama'a wuta da gangan, in ba haka ba dukan tsarin ya durƙushe. Daga baya suka bayyana cewa minti huɗu da daƙiƙa 37 ne suka rage tsarin ya durƙushe. Gidaje da shaguna fiye da miliyan huɗu da rabi suka shiga duhu, wasu kwana biyu, wasu uku ko fiye. Teksas ta ware mafi yawan layukan wutarta daga na sauran ƙasar tun da daɗewa, don haka abin da maƙwabta za su iya turo mata bai taka kara ya karya ba. Abin da ya fi ci mini rai a wannan al'amari shi ne, an yi irin wannan sanyi a 2011, hukumomin tarayya sun yi bincike sun ba da shawarar a kare tashoshin daga daskarewa, aka bar shawarar a takarda shekara goma. Ƙaddara gaskiya ce, amma wannan gafala ce, kuma alhakinta yana wuyan masu iko.

Hukumar lafiya ta jihar ta ƙidaya rayuka 246, daga cikinsu 161 sanyin ne da kansa ya kashe su, da yawa kuma a cikin ɗakunansu aka same su. Ɗumin jikin ɗan Adam digiri 37 ne; idan ya sauko ƙasa da 35, al'amari ya ɓaci. Da farko mutum yakan yi rawar ɗari, wadda rahama ce, domin ta haka jiki ke ƙera wa kansa ɗumi. Idan abin ya yi nisa sai karkarwar ta tsaya, harshe ya yi nauyi, hankali ya gushe, barci mai daɗi ya riƙa fizgarsa, har wani ma yakan tuɓe tufafinsa yana jin kamar zafi ya dame shi. Tsofaffi da jarirai su ne abin ya fi saurin kayarwa. Aka kuma rasa mutum 22 a haɗarin mota, goma a gobara, wasu kuwa masu jinya ne da na'urorinsu suka tsaya da ɗaukewar wuta.

Akwai mutum 19 da nake so mai karatu ya tsaya a kansu, domin ajalinsu ya zo ne ta hanyar abin da suka nemi tsira da shi. Da ɗaki ya yi sanyi kamar randa, sai wasu suka shigo da murhun gawayi na gasa nama cikin falo, wasu suka tayar da janareta a cikin gida, wasu suka shiga mota a rufaffen gareji suka kunna ta don su ji ɗumi su yi cajin waya. A birnin Hiyustan, motar da aka bari a kunne cikin gareji ta yi sanadin rasuwar wata mace da ƙaramar yarinya. Duk abin da ke ci da wuta a inda iska ba ta wadata ba yana fitar da wata guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar oksijin sau ɗari biyu da ɗoriya, ta yadda mutum yana numfashi sosai amma jikinsa yana shaƙewa. Fiye da mutum 1,400 aka kai asibiti a kanta cikin wannan mako.

A nan ne labarin ya iso ƙofar gidanmu, ko da yake dusar ƙanƙara ba ta sauka a Kano ko Damagaram. Wa bai san kaskon garwashi a ɗakin tsohuwa cikin hunturu ba, an toshe taga da tsumma, an sake labule, an ja ƙyaure, jikoki sun kwanta a gefenta, ko ɗakin maijego da aka cika da gawayi don kada sanyi ya shige ta? Wa bai ga janareta na ruri a cikin shago ko a lungun ɗakin kwana ba, don tsoron ɓarayi? Gubar Teksas ita ce wannan, babu bambanci. Alamarta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, kuma idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da waɗannan a lokaci guda, ko suka ji sauƙi da sun fita tsakar gida, to kada a tsaya zargin zazzaɓi ko iska: a buɗe ƙofa da taga, a fitar da kowa sarari, wanda ya suma a garzaya da shi asibiti, a gaya wa likita cewa da wuta suka kwana. Garwashi kuwa a bari ya ɗumama ɗaki tun da magariba, taga a buɗe kaɗan, sa'an nan a fitar da kaskon waje kafin a kwanta, a ƙara wa tsohuwa bargo.