Bayanin Lamunin Cizon Kare

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani ya kai almajiri, na tattara wannan bayani domin husumar da take aukuwa a ƙasar Gwarzo da Kabo, inda mafarauta da makiyaya da manoma suke riƙon karnuka, kare ya ciji yaro a hanyar gona ko rijiya, maƙwabta su ɓata.

Fasali na farko. Asali shi ne ɓarnar dabba faɗaɗɗiya ce, babu lamuni cikinta, kamar yadda ya inganta cikin Buhari da Muslim. Lamuni yana shigowa ne ta ƙofar sakacin mai ita. Shari'a ta yarje riƙon kare domin farauta da kiwo da tsaron shuka. An ruwaito Ibnu Abi Zaidin, mai Risala, wanda ya rasu shekara ta 386 Hijira, ya riƙi kare sa'ad da katangar gidansa ta faɗi, malaman baya suka kafa hujja da shi kan tsaron gida bisa larura.

Fasali na biyu. Abin da ya zo cikin Mudawwana daga Ibnul Ƙasim: in mutum ya ajiye kare mai cizo inda ya halatta, kamar ruga ko gona, ba ya lamunta sai an riga an gargaɗe shi. In ya ajiye shi inda bai halatta ba, alhali ya san halinsa, ya lamunta ko babu gargaɗi. Shehu Halilu cikin Muhtasar ya ƙara: in ya riƙe shi da nufin cutar wani ayyananne, shi ɗin kuwa ya halaka, ƙisasi ne; in wani daban ya halaka, diyya ce, dinari 1,000 ko dirhami 12,000 ko raƙuma 100 ga namiji Musulmi.

Na ce: ashe gargaɗi shi ne ginshiƙin mas'ala. Wanda ya ga kare yana kai wa mutane cafka, kada ya tsaya ga gunaguni a zaure. Ya tafi wurin mai unguwa ko dagaci, a kira mai karen, a faɗa masa gaban adilai biyu. Wanda ya bar wannan don kunya, ranar ƙara zai tsaya gaban alƙali hannu wofi, domin hujja tana kan mai ƙara, rantsuwa tana kan mai musu. A wurin Imamu Malik, shaida ɗaya tare da rantsuwar mai ƙara sun isa cikin sha'anin dukiya.

Fasali na uku. Ba a ƙaddara rauni sai ya warke. In ya bar aibu, alƙali ya ƙimanta da ijtihadi. Ibnu Arafa ya kyautata a ɗora ladan mai magani da kuɗin magani kan wanda ya jawo raunin.

Sa'an nan haukan kare yakan ɓuya wata ɗaya zuwa uku kafin ya bayyana, in ya bayyana kuwa da wuya a tsira. Saboda haka a wanke raunin da ruwa da sabulu minti 15, a kai wanda aka ciza asibiti ran nan domin allurar rigakafi, wadda Louis Pasteur ya fara yi wa mutum a 1885 Miladiyya. A ɗaure karen kwana 10 ana duban halinsa. Kada waliyyi ya yi gaggawar karɓar 'yan kuɗi ya ce ya yafe tun al'amari bai bayyana ba, balle in haƙƙin maraya ne. In sulhu ya gagara, kotunan shari'ar Musulunci suna nan a Jihar Kano.

Allah shi ne mafi sani. Ya cika da godiyar Allah. Wanda ya karanta ya yi wa marubuci addu'a.