Sikana: hoto ya fita fes, amma hasken nawa ya ratsa majinyaci?

A shekarar 2009 wani majinyaci a asibitin Cedars-Sinai da ke Los Angeles a Amurka ya koka cewa gashin kansa na zuba bayan an yi masa hoton sikana na ƙwaƙwalwa. Da aka bincika, sai aka tarar mutum 206 sun sha hasken da ya kai ninki takwas na ƙa'ida, cikin wata 18. Ba wanda ya lura, domin hotunan fes suke fita.

Tsohon fim ɗin radiyo in haske ya yi masa yawa baƙi yake yi, ma'aikaci ya gane nan take. Sikana kuwa kwamfuta ce ke haɗa hoton, ƙarin haske kyau yake ƙara masa. Kyan kuma da tsada: kafin a rage dishi-dishin hoto zuwa rabi, sai an ninka hasken sau huɗu. Shi ya sa ido kaɗai bai isa ba, sai an auna.

Ana sa wani dunƙulen roba mai siffar ganga a cikin na'urar, mai faɗin santimita 16 a madadin kai, 32 a madadin gangar jiki, a zura masa ma'auni mai kama da alƙalami. Daga nan ake samun adadin da ake kira CTDI; in an ninka shi da tsawon wurin da aka ɗauka, ya ba da DLP. Ingancin hoto kuma da ruwa zalla ake gwada shi: ruwa ya nuna sifili, iska ta nuna -1000 a ma'aunin Hounsfield, injiniyan Ingila da na'urarsa ta ɗauki majinyacin farko a Landan a 1971. In lambobin sun kauce, na'ura tana buƙatar saiti.

Radiyon ƙirji kusan milisibat 0.1 ne, sikanan ƙirji kusan 7, alhali abin da mutum ke sha daga ƙasa da sararin sama a shekara kusan 2.4 ne. Wannan ba dalilin gudun sikana ba ne. Wanda ya faɗi da babur ya bugu a kai, ita ce ke nuna ko jini ya taru. Abin gudu shi ne maimaici marar dalili, da ɗaukar yaro da saitin babba.

Kai da ke aiko da kuɗin hoton tsohuwa daga Abijan ko Faransa, ka ce a karɓi faifan hoton, a tambayi shafin da ke nuna CTDI da DLP. In an tura ta daga Damagaram zuwa Yamai, a tafi da su, likita ya duba kafin ya rubuta wani sabo.