Me Ya Sa Ake Ce Wa Agana 'Yan Rani?

Kakanninmu da suka raɗa wa agana suna 'yan rani sun san abin da suka gani. A zamaninsu ciwo ne da kan kwanta da damina, ya taso da ƙarfi idan ƙasa ta bushe.

Dalili na farko yana ga ƙwayar cutar kanta. Ta fi daɗewa da rai a busasshiyar iska mai sanyi, a tufafi da shimfiɗar majinyaci. Laima da zafi kuwa kan kashe ta da wuri.

Na biyu shi ne zirga-zirgar jama'a. Dubi ƙauyukan Hausawa na Jazira da bakin Shuɗin Nilu a Sudan, irin su Mai Wurno kusa da Sinnar. Tun da aka buɗe gonakin Jazira a 1925, lokacin tsinkar auduga na faɗowa ne cikin rani. 'Yan ƙwadago da mahajjata masu bin hanyar Makka kan cunkushe a bukka ɗaya. Wanda ya kamu yakan yi kusan kwana 12 garau kafin zazzaɓi ya kayar da shi, ya riga ya isa wani gari. Da damina kuwa laka kan datse hanya, kowa na gonarsa.

Ma'aikatan lafiya sun ci moriyar wannan ilimi: sukan farauci ragowar masu ciwon lokacin da cutar ta lafa, su yi wa na kusa da su lamba. Sudan ta rabu da agana a 1972, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar da ƙarewarta a duk duniya a 1980.