3.4 Dangantakar Yawan Ciniki da Girman Riba a Kasuwar Motoci ta Birnin Kudu da Gwaram

Wannan sashe zai yi bayani ne a kan hanyoyi biyu da ake cin riba a cinikin mota, sannan ya nuna wadda ta dace da wannan yanki. Hanya ta farko ita ce a sayar da motoci masu yawa, ana samun riba kaɗan a kan kowace. Ta biyu kuwa ita ce a sayar da 'yan kaɗan da riba mai kauri. Misali, a shekarar 2023 rukunin kamfanonin Toyota ya sayar da motoci fiye da miliyan 11, alhali kamfanin Ferrari na ƙasar Italiya, mai ƙera motocin tsere, bai kai 14,000 ba. Amma ribar da Ferrari ya ci a cikin kowane ɗari na cinikinsa ta ninka ta Toyota. Dalili kuwa shi ne masu sayen Ferrari suna biyan kuɗin suna ne da alfarma, ba na ƙarfe kaɗai ba.

A Birnin Kudu da Gwaram abin ba haka yake ba. Tun lokacin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, ƙirar 504 ta saba wa mutane da auna mota da juriyarta. Bayan karyewar darajar naira daga 1986, sabuwar mota ta gagari yawancin jama'a, sai aka koma ga 'yan Kwatano, watau motocin da aka yi amfani da su a Turai. Mai saye a nan yakan ɗauki mota a matsayin jari. Tambayoyinsa su ne: mutum nawa za ta ɗauka zuwa kasuwar Sara ko Babaldu? Za ta jure hanyar ƙauye da damina? Bakaniken gari ya san injinta, kuma ana samun kayan gyaranta a Kano? Wannan ne ya sa Golf da Toyota suka samu karɓuwa.

Motar tsere ba ta amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi. Cikinta yana dab da ƙasa, ƙofarta biyu, ga shan mai, ba ta kuma da wurin buhu. Bugu da ƙari, akan yi wa mai ita kallon mai almubazzaranci. Dillalin da ya zuba jarinsa a kanta yana hangen riba mai yawa, sai jarin ya kwanta wata da watanni, daga ƙarshe ya karyar da ita. Wanda ya sayi Golf uku da kuɗin kuwa yana iya juya su sau da dama.

A taƙaice, girman riba ya dogara ne a kan yadda mai saye ke kallon mota. Inda ake kallonta a matsayin abin neman abinci, yawan ciniki ne ke riƙe ɗan kasuwa.