Shin Ko Kun San? Ɗan Ƙwadago da Ƙungiyarsa

Shin ko kun san hutun ranar ma'aikata da ake yi duk 1 ga Mayu, a Nijeriya daga maƙwabtanmu ya faro? Kano! Gwamnatin Abubakar Rimi ce ta fara ba da shi a 1980. Sai a 1981 ƙasa baki ɗaya ta bi sahu.

A waccan shekara ta 1981, zamanin Shagari, aka tsayar da mafi ƙarancin albashi bayan ma'aikata sun yi yajin aiki. Nawa kuke tsammani? Naira 125! Kada ku raina ta, lokacin naira ta fi dala ƙarfi. A 2011 ya zama 18,000, a 2019 ya koma 30,000, a 2024 ya kai 70,000. Ku ɗauko alƙalami ku lissafa: ninki 560 ke nan cif!

Ko kun san Malam Aminu Kano ma ɗan ƙungiyar ma'aikata ne? Tun kafin jam'iyyarsa ta NEPU, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948.

To, 1945 fa? Ma'aikatan reluwe, Michael Imoudu na gabansu, suka ajiye aiki saboda tsadar rayuwa, sauran ma'aikata suka mara masu baya. Sama da kwana 40 ana abu ɗaya! Ku tuna layin dogo ya ratsa Funtuwa, kuma shi ne jijiyar gyaɗa da auduga a wancan zamani.

Auduga ma tana da nata labarin. Wadda ake nomawa a ƙasar Funtuwa da Malumfashi ta ciyar da masaƙun Kaduna shekara da shekaru. A ɗaya daga cikinsu, Arewa Textiles, wani matashi ya fara aiki, ya shiga harkar ƙungiya. Sunansa Adams Oshiomhole. Ya shugabanci Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa daga 1999 zuwa 2007, sannan ya zama gwamnan Edo. Daga masaƙa zuwa gidan gwamnati!

Ga wani abin alfahari. A 2018, a birnin Kofanhegan na Danmak, aka zaɓi Ayuba Wabba, ɗan jihar Borno, shugaban haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta duniya. Shi ne ɗan Afirka na farko a kujerar. Ita kuwa Danmak ɗin, ku ji abin mamaki, ba ta da dokar mafi ƙarancin albashi sam! Ƙungiyoyi da masu kamfanoni ne ke zama su yi ciniki har a daidaita. A Jamus kuma, kamfanin da ma'aikatansa suka haura 2,000, rabin kujerun majalisar da ke sa masa ido na wakilan ma'aikata ne. Rabi guda!

Yanzu ku matso, ga wanda ya fi taɓa mini zuciya. A 1833, a wani ƙauyen Ingila mai suna Tolpuddle, 'yan ƙwadagon gona shida suka haɗa kai don ana ta zaftare masu lada, har ana shirin mayar da shi sule shida a mako. A 1834 aka kama su kan sun yi rantsuwa a asirce. Hukuncin? Kora zuwa Ostireliya, shekara bakwai! Mutum kusan 800,000 suka sa hannu a takardar koke, har aka yi masu afuwa a 1836. Masu fartanya ne fa, irin waɗanda muke gani da sassafe a gonakin Musawa.

A wurinmu ma, ai da an ce ɗan ƙwadago, mai noman lada ne ke fara zuwa zuciya. Maƙera na da sarkinsu, mahauta na da Sarkin Pawa, direbobin tasha na da shugabanninsu. Shi kuwa ɗan ƙwadagon gona shi kaɗai yake cinikin guminsa a bakin kunya. Kun san dokar mafi ƙarancin albashi ma ba ta haɗa da shi ba? Ta cire masu aikin gona na lokaci-lokaci, ta cire duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Da sunansa ake kiran Ƙungiyar Ƙwadago, amma ba ya ciki!

Daminar bana, in kun ɗauki mai yi maku noma, ku yi ciniki da shi a fili, ku biya shi a ranar. Ku kuma karanta wa na kusa da ku wannan shafi.