Gargaɗin GCC game da strncpy a cikin ƙwayar Linux

A harshen C, kowane jerin haruffa yana ƙarewa da sifili. Wannan sifilin shi ne tushen matsalar da za mu duba a nan.

Mu ɗauki sunan katin sadarwa a Linux: an tanadar masa gurbi 16, wato haruffa 15 da sifili. Idan muka kwafe suna mai haruffa 16 da strncpy, guraben sun cika, sifili bai samu wuri ba. Duk wanda ya zo karanta sunan zai zarce iyaka. A cikin ƙwaya, hakan na iya tsayar da na'ura ko tona asirin bayanai. Saboda haka ne GCC 8, mai fassara C zuwa harshen na'ura, ya zo da gargaɗin -Wstringop-truncation a 2018.

Kashe gargaɗin ba magani ba ne. Wajibi ne mu tambaya: me ake bukata a wurin ajiyar?

Na farko, in sifilin ƙarshe kaɗai ake bukata, sai strscpy, wanda ya shiga Linux 4.3 a 2015: yana rufe jerin, kuma yana maido da -E2BIG idan ya datse shi. Na biyu, in bayanan za su fita zuwa shirin mai amfani, sai strscpy_pad, wanda ke cike ragowar gurabe da sifili, kada tsohon abu ya bi su. Na uku, in ba a bukatar sifili sam, sai a yi wa wurin alamar __nonstring.

A lura: strlcpy ba mafita ba ce, domin an cire ta daga Linux 6.8 a 2024.