Ƙofa ta Biyu: Abin da Masallatai da Makarantun Karkarar Kano Suka Rasa

Da asubahin Laraba, 15 ga Mayu, 2024, wani mutum ya watsa fetur a cikin wani masallaci da ke Larabar Abasawa a Ƙaramar Hukumar Gezawa, ya cinna wuta, ya kulle masallata a ciki. Rikicin gado ne ya kai shi ga wannan aika-aika. Sai da maƙwabta suka ɓalle ƙofa sannan aka fito da mutane, aka kwashe su zuwa Asibitin Murtala a Kano, inda suka yi ta cikawa ɗaya bayan ɗaya har adadin ya haura 20. A 2025 kotu ta yanke masa hukuncin kisa. An yi ta magana a kan ƙetarsa da kuma jan ƙafar da ake yi wajen rabon gado, kuma maganar ta dace. Amma akwai tambayar da ba a tsaya a kanta ba, alhali ta shafi kowane masallaci da Islamiyya da gidan kallon ƙwallo daga Gezawa zuwa Minjibir da Ɗambatta da Bichi: idan ƙofar da aka shiga ta toshe, ta ina jama'a za su fita?

Wani zai ce ai wannan ta'asa ce, ba haɗari ba, kuma ba a gina masallaci da tunanin wani zai zo ya ƙona shi. Haka ne. Sai dai wuta ba ta tambayar wanda ya kunna ta. A wannan ƙaramar hukumar dai, a Nuwamban 2015, gobara ta tashi a ɗakin kwanan ɗalibai na Sakandaren 'Yan Mata ta Jogana, ɗalibai 7 suka rasu. A Nuwamban 2021 yara fiye da 20 suka ƙone a azuzuwan zana a Maraɗi, bayan irin haka ta faru a Yamai a watan Afrilun shekarar. A Fabrairun 2025 almajirai 17 suka rasu a wata makarantar allo a Ƙaura Namoda. Musabbabin ya sha bamban, amma yanayin ɗaya ne: mutane da yawa a wuri ɗaya, wuta mai sauri, mafita kaɗan.

Abin da ya sa mafita ta fi komai muhimmanci shi ne lokaci. Yawancin waɗanda gobara ke kashewa a cikin ɗaki hayaƙi ne ke fara kayar da su kafin harshen wuta ya taɓa su. Hayaƙin na ɗauke da iska mai guba wadda ke hana jini ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita, mutum ya ji jiri, ƙafafu su mutu, ya faɗi yana ganin ƙofa. Kuma ginin yau ya fi na jiya saurin ci. Masallacin ƙasa mai azara da daɓe da buzu ba shi da abin da wuta za ta kama sosai. Na yanzu kuwa an shimfiɗe shi da kafet na roba bango zuwa bango, an yi masa silin na roba wanda ke narkewa yana ɗigowa a kan mutane yana fitar da hayaƙi mai ƙona maƙogwaro, ga batirin sola a kusurwa, ga wayoyin da wani yaro ya harhaɗa, ga jarkar man janareta a bayan ƙofa. Ɗaki irin wannan kan iya kamawa gaba ɗaya cikin mintuna uku zuwa biyar. A ƙauyen da motar 'yan kwana-kwana za ta taso daga hedikwatar ƙaramar hukuma ko daga cikin birni, ta bi hanyar burji tsakanin gonaki, aikin da za ta tarar shi ne hana wutar tsallakawa maƙwabta. Ceton rai kam an riga an gama shi, ko an rasa, kafin ta iso.

Tsallakawar ma ba wasa ba ce a wannan yanki, inda gida ke jingine da gida, gona ta zo har bakin danga. Daga kaka zuwa bazara karan dawa da na gero na tsaye jingim a jikin katanga, harawa na kan rufi, rumbuna a cike, iskar hunturu kuma na kaɗawa. A daidai lokacin ne ake rufe tagogi saboda sanyi, ake shiga ɗaki da garwashi, almajirai ke hura wutar kara don karatun dare.

Ƙa'idar da ƙasashe da dama suka tsaya a kanta gajera ce. Duk ɗakin da zai ɗauki mutum 50 ko fiye, a yi masa ƙofa biyu aƙalla, a ɓangarori daban-daban, su riƙa buɗewa zuwa waje, kuma kada a kulle su muddin akwai mutane a ciki. Da gawawwaki aka koyi wannan darasi. A 1903 mutum kusan 600 suka mutu a wani gidan wasa a birnin Chicago na Amurka, da yawansu a bakin ƙofofin da suka ƙi buɗuwa. Dalilin a fili yake: idan jama'a suka ruga a firgice suka danne ƙofar da ake jawowa ciki, na gaba ba shi da sararin da zai ja ta, na baya kuma ba ya jin ihunsa. A duba ƙofofin ƙarfen da masu walda ke yi mana. Galibi ciki suke buɗewa, mai ganye biyu kuma an danne ɗaya da sakata sama da ƙasa har ta yi tsatsa, an bar rabi ana matsawa, takalma sun taru a bakinta. Tagogi kuma an gindaya musu rodi an binne a cikin siminti.

Nan ne hujja mafi ƙarfi ta masu ja take: ɓarayi. Ba don ado aka sa rodin ba. An sace lasifika, an sace batir, an kwance fanka, shi ya sa kwamitin masallaci ya toshe ƙofar gefe da bulo, shugabar makaranta kuma take sa kwaɗo a ɗakin kwanan yara da dare don tsaron mutuncinsu. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma duk wanda ya yi watsi da ita ba za a saurare shi ba. Amma tsaron kaya da fitar mutane ba kishiyoyi ba ne. Ƙofa ta biyu na iya zama mai sakata ta ciki kaɗai, ba ta da mariƙi ko ramin makulli ta waje: ɓarawo ba zai shiga ta nan ba, mai ƙeta ba zai iya kulle ta daga waje ba, yaro ɗan shekara bakwai kuma zai iya zare ta. Rodin taga ɗaya ko biyu a yi shi mai buɗewa daga ciki. Kayan sauti da batir a yi musu akwatin ƙarfe nasu. Kuɗin duk wannan bai kai na tayil ɗin da ake mannawa a fuskar masallaci ba.

Sai masu cewa ƙaddara ce, wanda kwanansa ya ƙare ko ƙofa goma ce ba zai fita ba. Babu musulmin da ke musun ƙaddara. To amma Manzon Allah (SAW) da kansa ya yi umarni a kashe wuta kafin a kwanta barci, kamar yadda ya zo a ingantattun hadisai. Alhazanmu kuma shaida ne: bayan gobarar Mina ta 1997, wadda ta ci alhazai fiye da 300, hukumomin Saudiyya ba su tsaya ga ta'aziyya ba, sai da suka maye tantunan auduga da waɗanda wuta ba ta ci.

Dokar ma akwai ta a takarda. Najeriya na da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006, amma wa ya taɓa ganin jami'i ya zo duba zanen masallacin unguwa a Kunci ko Makoɗa? Irin waɗannan gine-gine da karo-karo ake yin su, ko wani mai hali ya gina sadaka, magini ya auna da ido. Saboda haka jiran Hukumar Kashe Gobara ta zagaye ƙananan hukumomi 44 ɓata lokaci ne. Waɗanda ke da iko a kan lamarin suna nan cikin gari: dagaci da mai unguwa da ake sanar da su kafin a sa harsashi, liman da kwamitinsa, magini da mai walda. Abin da ya rage wa gwamnati shi ne makarantun kwana da ke hannunta, da sharaɗin da za ta gindaya kafin ta yi wa Islamiyya ko gidan kallo rajista.

Ya kai mai karatu, idan ka je masallacin unguwarku a sallar da ke tafe, ka ƙirga ƙofofin da suke buɗe da gaske, ka duba ko ciki suke buɗewa ko waje. In ɗaya ce, ka tayar da maganar gaban liman da mai unguwa kafin hunturun bana ya kama.